Fasahar Zamani a Birnin Kassel

Kassel birni ne a arewacin jihar Hessen ta ƙasar Jamus, a bakin kogin Fulda, mai mutane kimanin 200,000. Sunansa ya fara bayyana a rubuce a wajajen shekarar 913. Abin da ya sa aka san shi a duniya a yau shi ne documenta, baje kolin fasahar zamani da ake yi duk bayan shekara biyar, wanda kan ɗauki kwana ɗari cur, har ake masa laƙabi da gidan tarihin kwana ɗari. Ana rubuta sunan da ƙaramin baƙi. Ta dalilin wannan taro ne masu zane da masu sassaƙa da masu ɗaukar hoto daga nahiyoyi daban-daban suka bar sawunsu a titunan garin.

Rushewa da sake gini

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Kassel gari ne na masana'antu. Kamfanin Henschel yana ƙera kawunan jiragen ƙasa, a lokacin yaƙi kuma ya ƙera tankokin yaƙi, abin da ya ja wa garin ruwan bama-bamai. A daren 22 ga Oktoba 1943 jiragen Birtaniya suka kai masa hari, wuta ta cinye tsohon gari kusan ƙurmus. Ƙididdigar waɗanda suka mutu ta sha bamban, amma galibi ana ambaton mutum 7,000 zuwa 10,000. Da aka zo sake gini, ba a maido da tsofaffin lunguna ba. An shimfiɗa manyan tituna domin motoci, aka kuma buɗe Treppenstraße a 1953, titin matakala na masu tafiya a ƙasa kaɗai, ɗaya daga cikin na farko irinsa a Jamus. Raba ƙasar gida biyu ya mayar da Kassel garin gefe, domin tazarar da ke tsakaninsa da iyakar Jamus ta Gabas ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai ba.

Kafuwar documenta

Arnold Bode, mai zane kuma malami haifaffen Kassel, wanda 'yan Nazi suka kora daga aikin koyarwa a 1933, shi ne ya kafa baje kolin a 1955. Ya jingina shi ne da bikin nuna furanni da lambuna na ƙasa da aka yi a garin a wannan shekara. Burinsa shi ne Jamusawa su sake ganin irin zane-zanen da gwamnatin Hitler ta haramta, ta kira lalatacciyar fasaha, har ta yi musu baje kolin wulaƙanci a Munich a 1937.

Wurin da ya zaɓa shi ne Fridericianum, ginin da aka kammala a 1779, wanda ake lissafawa cikin gidajen tarihi na farko a Turai da aka buɗe wa jama'a. A 1955 ginin bai gama farfaɗowa daga yaƙi ba. Bode bai ɓoye tabon ba: ya sa aka shafe bulo da farar ƙasa, aka rataya labulen roba a tagogi domin tace haske, sannan aka jera zanen Picasso da Kandinsky da Matisse a jikin bangon da ya sha wuta. Mutum kusan 130,000 suka shiga kallo, adadin da ba wanda ya zata. An maimaita a 1959, 1964 da 1968, daga 1972 kuma aka tsayar da tazarar shekara biyar.

Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa Werner Haftmann, masanin tarihin fasaha da ya tsara tunanin baje kolin na farko-farko, ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi. Wannan ya sa aka sake duba labarin da aka daɗe ana bayarwa kan asalin taron.

Abin da ya zauna a gari

Yawancin ayyuka ana kwashe su bayan kwana ɗari, amma wasu sun zauna. A 1977 Ba'amurke Walter De Maria ya nutsa sandar tagulla mai tsawon kilomita ɗaya cikin ƙasa a dandalin Friedrichsplatz. Abin da ido ke gani shi ne kanta kawai, ɗan da'ira da bai fi tafin hannu ba. Akwai kuma ƙaton diga na Claes Oldenburg a bakin Fulda (1982), da mutum-mutumin Jonathan Borofsky mai tafiya a kan doguwar sanda ya nufi sama (1992).

Babu wanda ya sauya kamannin garin kamar aikin Joseph Beuys na 1982 mai suna 7000 Eichen. Eiche bishiya ce mai tsawon rai da Jamusawa ke girmamawa. Beuys ya sa aka zube baƙaƙen duwatsu 7,000 a gaban Fridericianum, tuli guda, da sharaɗin ba za a ɗauke ko ɗaya ba sai an dasa bishiya a wani wuri a cikin gari an kafa dutsen a gefenta. Duk mai so ya ɗauki nauyin bishiya guda sai ya biya mark 500, kuɗin Jamus na lokacin. Mazauna da yawa sun yi ƙorafi a kan tulin, wasu kuma a kan wuraren ajiye mota da bishiyoyin za su ci. Tulin ya riƙa raguwa a hankali har shekara biyar. Beuys ya rasu a Janairun 1986, ɗansa ne ya dasa ta ƙarshe a 1987. Duwatsun suna nan yadda suke, tsayin kusan ƙugu, bishiyoyin kuwa sun zarce rufin gidaje, kuma da wuya a sami wani aikin fasaha a Turai da talakan gari ke morar inuwarsa kamar wannan.

Buɗe ƙofa ga sauran duniya

Shekaru da dama documenta ta kasance dandalin Yammacin Turai da Amurka. Bafaranshiya Catherine David ce mace ta farko da ta jagorance ta, a 1997. Babban sauyi ya zo a 2002 tare da Okwui Enwezor, ɗan Najeriya haifaffen Kalaba, mutum na farko daga wajen Turai da aka damƙa wa ragamar. Ya raba taron zuwa dandali biyar, huɗu daga ciki na muhawara ne a wasu wurare, ciki har da New Delhi da tsibirin Saint Lucia da Legas, inda aka tattauna halin biranen Freetown, Johannesburg, Kinshasa da Legas ɗin kanta. Kassel ce dandali na biyar, na ƙarshe. Enwezor ya rasu a Munich a Maris 2019.

A 2007 Ai Weiwei ya kawo 'yan China 1,001 garin a matsayin aikinsa. A 2012 an yi wani sashe a Kabul.

Shi ma garin yana sauyawa. Tun shekarun 1960 ma'aikata daga Turkiyya da Italiya da Sifaniya suka zauna, musamman a unguwar Nordstadt, inda a Afrilun 2006 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta NSU suka harbe Halit Yozgat, mai shekara 21, a shagonsa na intanet.

2017 da hasumiyar Oguibe

Taro na 14, ƙarƙashin Adam Szymczyk, an raba shi tsakanin Atina, babban birnin Girka, da Kassel, ya kuma ƙare da giɓin kuɗi. Ibrahim Mahama na Tamale ta Ghana ya lulluɓe gine-ginen Torwache, tsofaffin gidajen gadin ƙofar garin Kassel, da tsofaffin buhunan koko da gawayi da aka ɗinke wuri guda. Otobong Nkanga, haifaffiyar Kano, ta haɗa baƙin sabulu da gawayi da mayuka na yankuna daban-daban, aka riƙa sayar da shi a Kassel.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Olu Oguibe, haifaffen Aba, wanda ya ga yaƙin basasar Najeriya yana yaro. Ya kafa hasumiya mai tsini, tsayin mita 16, a dandalin Königsplatz, da aya daga Linjilar Matiyu a rubutun zinare, mai ma'anar na zo baƙo kuka karɓe ni, cikin Jamusanci, Ingilishi, Larabci da Turkanci. An ba shi lambar yabo ta Arnold Bode a wannan shekara. Wani kansila na jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ya soki aikin da kalmomin da suka tuna wa mutane na 'yan Nazi a 1937. Jama'a sun yi karo-karo domin a saye shi, amma aka kasa daidaitawa kan inda zai tsaya. Da sassafen 3 ga Oktoba 2018, ranar bikin haɗewar Jamus, hukumar gari ta sa aka kwance shi. An sake kafa shi a Afrilun 2019 a Treppenstraße, inda yake har yanzu.

2022 zuwa yau

Ƙungiyar ruangrupa ta Jakarta ce ta jagoranci taro na 15 bisa tunanin lumbung, wato rumbun shinkafa na gayya a harshen Indunusiya. An sauke wani babban ƙyalle na ƙungiyar Taring Padi saboda hotunan ƙyamar Yahudawa da ke jikinsa, shugabar gudanarwa Sabine Schormann kuma ta sauka a Yuli. An naɗa Naomi Beckwith ta gidan tarihin Guggenheim na New York domin taro na 16, wanda aka tsara yi a 2027.