Shekarun kifi: amsoshin da nake ta maimaita wa ɗalibai

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, tambayoyin nan ne ke biyo ni har ofis a nan Gombe. Ga su wuri ɗaya. A karanta kafin a ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Malam, ba tsawon kifi ne ke nuna shekarunsa ba?

A'a. A kifin murjani ma, wato kifin teku da ke zama a tudun murjani, wannan zato ya fi ɓatar da mutane. Binciken da Choat da Axe suka wallafa a 1996 kan wasu kifaye masu cin gansakuka a tudun murjanin gabashin Ostareliya ya nuna suna gama yawancin girmansu a 'yan shekarun farko, sannan su ci gaba da rayuwa har shekara 30 zuwa 45. Ɗan shekara 6 da ɗan shekara 30 sai su zo tsawo ɗaya.

To da me ake ƙirgawa?

Da dutsen kunne, wato otolit. Guda uku ne a kowane gefe na kan kifi, kuma babban aka fi ɗauka. Ana yanka shi siriri, a goge, a duba a maikiroskof, a ƙirga layuka kamar na kututturen itace. Tun 1899 wani masani mai suna Reibisch ya ga layin shekara, a 1971 kuma wani mai suna Pannella ya gano akwai na kullum.

Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da kifin murjani?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Hanyar aikin ai ɗaya ce, kuma can aka fi shan wahalarta, domin ruwan zafi ne irin namu. A 2020 aka ba da rahoton wani kifin murjani daga yammacin Ostareliya mai shekara 81. Idan ka ɗauka kifi shekara 10 yake yi alhali 40 ne, za ka ce masunta su ƙara kamu, su cinye iyayen kafin a farga. Giwan ruwan Gongola ma haka za a iya yi masa.

Ɓawon jikinsa bai isa ba?

Ga ƙaramin kifi, ya isa. Ga tsoho yana rage shekaru, kuma wanda ya faɗi ya sake tsirowa ba shi da amfani.

Tarwaɗa fa, da ba ta da ɓawo?

Yanka ƙayar gefenta. Amma tsakiyar ƙayar tana cinyewa idan ta tsufa, layukan farko su ɓace.

Na yanka dutsen kunnen karfasar Dadin Kowa, na ga layi huɗu. In rubuta shekara huɗu?

Dakata tukuna. Mai yiwuwa huɗun ne, mai yiwuwa biyu. A Turai sanyin hunturu ne ke tsayar da girman kifi sau ɗaya a shekara, shi ya sa layinsu ke fita sarai. A nan abubuwa da yawa na iya sa layi: sanyin Disamba da Janairu, janyewar ruwan dam da rani, cikarsa da damina, ƙarancin abinci, ko lokacin ƙwai. Karfasar da ke riƙe ƙwai a baki kusan ba ta cin abinci a wannan lokaci, kuma takan yi haka fiye da sau ɗaya a shekara.

Saboda haka sai ka tabbatar. Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ka riƙa samun kifi kowane wata har shekara ta zagayo, kana duba bakin dutsen, ka ga watan da sabon layi ke fitowa, kuma sau nawa. Wannan ya fi aiki ga ƙananan kifi. A tsofaffi layukan sun matse, ido na iya yaudararka. Idan kana da tafkin gwaji, yi wa kifi allurar oksitetarasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana barin alama mai haske a dutsen, bayan shekara ka ƙirga layukan da suka biyo bayanta. Masu kifin murjani har da kabon ɗin da gwajin bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya bari a cikin dutsen suke aunawa, amma wannan ya fi ƙarfin aljihunmu.

Idan lokaci bai ba ka dama ba, kada ka tayar da hankalinka. Rubuta "layi huɗu", ka faɗi cewa ba ka tabbatar ba. Ba wanda zai kayar da kai kan wannan. Kuma ka ba wani ya ƙirga ba tare da ya ga tsawon kifin ba. In kun saɓa, ku sake.

Zan iya sayen kifin duka a kasuwa?

Kada ka kuskura. Idon raga ne ke zaɓar girman kifin da ya iso kasuwa. Je bakin ruwa da asuba, ka gai da sarkin ruwa, ka nemi na masu raga da na masu ƙugiya, manya da ƙanana.

Ba sai in zuba tsawo a manhajar kwamfuta ta FiSAT ta ba ni amsa ba?

Za ta ba ka lambobin lissafin girman kifi na von Bertalanffy ko da shara ka zuba mata. Tana taimakawa ga kifi mai saurin girma da gajeren rai. Ga wanda ya daina tsawo tun yana ƙarami, koma ka yanka dutse.