Yashin hoto a kyamarar dijital da ta fim

Yashin hoto shi ne ɗige-ɗigen nan masu kama da ɓarɓashin yashi da ke bayyana a jikin hoto, musamman a cikin inuwa ko a sararin sama inda ya kamata launi ya kwanta sumul. Ana samunsa a hoton dijital da na fim, amma asalinsa a kowannensu daban ne.

A kyamarar dijital, yawancin yashin daga hasken kansa yake fitowa. Haske yana isowa ne a ƙwayoyi da ake kira foton, kuma ba sa sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske, daidai wa daida. Kamar yayyafi ne, wani wuri ya jiƙe fiye da wani. Idan kowane fiksel, wato ɗan ƙaramin ɗigo mai karɓar haske a kan sensa, ya karɓi foton kusan 100, bambancin da ke tsakaninsu yakan kai 10, kashi ɗaya cikin goma ke nan, amma idan ya karɓi 10,000, bambancin kusan 100 ne, kashi ɗaya cikin ɗari kacal. Lantarkin kyamarar da zafin sensa suna ƙara nasu. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin da ake ɗagawa don hoto ya ƙara haske, alhali ƙarancin haske ne ya kawo yashin, ɗaga lambar kuwa fito da shi fili yake yi.

A nan ne girma yake da tasiri. Babbar sensar da ake kira cikakkiya tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, ta tsarin Micro Four Thirds kuwa milimita 17.3 ce da 13, wanda bai wuce kusan rubu'in ta farko ba. In an daidaita buɗin ruwan tabarau da tsawon lokacin ɗauka, babbar za ta tara haske kusan ninki huɗu, hotonta ya fi tsabta. Sensar wayar hannu ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa waya take haɗa hotuna da yawa ta fitar da guda ɗaya idan dare ya yi.

Shi kuwa fim, yashinsa abu ne da ke cikin jikinsa: ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa da suke zama baƙar azurfa bayan an wanke shi. Fim mai saurin kama haske yakan ƙunshi manyan ƙwayoyi, don haka ISO 400 ya fi ISO 100 yashi. Girman ƙwayar bai damu da faɗin fim ba, abin da ke canzawa shi ne yawan faɗaɗawar da za a yi. Fim mai milimita 35, wanda kyamarar Leica ta yaɗa tun 1925, sai an faɗaɗa shi kusan sau takwas kafin ya cika takardar inci 8 da 10, shi kuwa fallen fim mai inci 4 da 5 sau biyu ya ishe shi, yashinsa ya kusa ɓacewa daga ido.