Kuɗin COGES: wa ke yanka shi, kuma ana korar yaro a kansa?

Da an koma lakwal a watan Oktoba, sai maganar nan ta sake tasowa a unguwannin Tawa: wai gwamnati ce ta aza wa uwaye kuɗin COGES, wai yaron da bai kawo ba kora ce, wai kuɗin ma aljihun darakta suke faɗawa. Har akwai masu riƙe ɗiyansu a gida sai ranar da suka samu na biya. Yawancin zancen nan ji-ta-ji-ta ne.

COGES kwamiti ne da ke tafiyar da al'amuran makaranta ta yau da kullum. A 2012 an sauya masa suna zuwa CGDES, amma bakin jama'a bai saki na farko ba. Mu mutanen Tawa ya kamata mu fi kowa saninsa, don a jiharmu aka fara gwada zaɓen mambobinsa da ƙuri'ar asiri a 2004, da tallafin hukumar JICA ta Japan, kafin a baza tsarin ko'ina cikin ƙasa a 2007. A makarantun firamare na gwamnati akwai wakilan uwayen yara a ciki, da wakiliyar ƙungiyar mata uwaye, da na malamai, da na ƴan makaranta, sai darakta. Shugaba daga cikin uwaye yake fitowa. Darakta magatakarda ne, alƙalami ke hannunsa, asusu kuwa akwai ma'ajinsa daban.

To kuɗin fa? Nan ne ake ruɗewa, kuma dokar kanta tana da hannu a ruɗanin. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma gwamnati ta lamunce shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. Ita wannan dokar kuma ta raba nauyin makarantun gwamnati tsakanin gwamnati, da ƙananan hukumomi, da iyalai, da masu tallafi. Kalmar iyalai ɗin nan ita wasu ke kamawa su ce: ga shi nan, doka ta ce ku biya.

Ta ce a sa hannu, gaskiya ne. Amma ba ta yanka ko dala ɗaya a kan kowane yaro ba, kuma ba ta ce wanda ubansa ya kasa a fitar da shi daga aji ba. Yadda aka tsara abin shi ne a kira babban taron uwaye, a zayyana abin da makaranta ke buƙata a shekarar, ko rumfar zana ce, ko gyaran tebura, ko ruwan sha, ko alli, a yi lissafi, sannan taron ya amince da abin da kowa zai kawo. Wanda ba shi da tsaba yana iya kawo kara ko itace, ko ya zo ya yi aikin da hannunsa. Saboda haka in an ce maka jaka guda ce bana, tambayar farko ita ce: a wane taro aka yanka? In ba a yi taro ba, wani ne ya yanka shi kaɗai.

Koro yaro gida saboda kuɗin da ba shi ya yi alkawarinsu ba, wannan ba hukuncin doka ba ne, matsi ne kawai. Na san hujjar daraktoci: aji ba rufi, kayan aiki ba su iso ba, wasu uwaye kuma suna da hali amma sai an tsananta suke bayarwa. Duk da haka, a ganina akwai rashin adalci a ce talakan da ya ga abin da gobarar azuzuwan zana ta yi a Yamai da Maraɗi a 2021, shi ne kuma za a tasa a gaba ya tara kuɗin wata rumfar. Tun 2016 aka miƙa wa ma'aikatun magajin gari wani sashe na nauyin makarantun firamare. Ƙofarsu ya kamata a fara ƙwanƙwasawa.

Masu cewa kwamiti na iya korar mushe, wato malami, su ma sun zarce. Yana sa ido kan zuwan malamai, yana kai rahoto, amma sauyin wurin aiki da horo na hukumar ilimi ne.

Wanda aka koro wa yaro, ya fara da shugaban kwamiti, ya nemi a nuna masa takardar taron da lissafin bara. In ba a daidaita ba, ofishin sufetan makarantu na nan, haka ma tarayyar kwamitocin da ke haɗa makarantun ƙaramar hukumarsa.