Amurka ba ta hana kowa hawa motarsa ba: abin da dokar na'urorin China ta ce

Tun da Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta kammala dokar da ta hana saka manhaja da na'urorin sadarwar China a cikin motoci a watan Janairun 2025, ake ta yaɗa cewa duk motar da ke ɗauke da na'urar China za a ƙwace ta, ko a ci mai ita tara. Babu wannan a dokar. Ba ta yi magana da direba ba ko kaɗan. Da masu ƙera mota da masu shigo da kayanta take. Motocin da tuni suke kan titi ba a taɓa su ba, kuma manyan motocin da suka haura kimanin kilo 4,500, irin su bas da tirela, an bar su a gefe tukuna.

Abin da aka hana shi ne manhajar da ke haɗa mota da duniyar waje ta layin waya, Wi-Fi, Bluetooth ko tauraron ɗan'adam, da manhajar da ke tuƙa mota da kanta, matuƙar suna da alaƙa da China ko Rasha. Haramcin manhaja ya fara daga motoci samfurin 2027, na na'urorin sadarwar kuma sai samfurin 2030.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ma'anar wannan alaƙa. Dokar ba ta tsaya ga tambayar a ina aka ƙera kaya ba. Tana tambaya ne: wa ya mallaki kamfanin, wa ke juya shi, kuma dokar wace ƙasa yake bi? Ɗauki kamfanin mota na Polestar, wanda ke ƙarƙashin kamfanin Geely na China amma yake harhaɗa mota a jihar South Carolina. Ma'aikatan Amurkawa ne, masana'antar tana ƙasar Amurka, duk da haka ƙa'idar ta hau kansa, sai in ya nemi izini na musamman an ba shi. Hukuncin kuma ba na wasa ba ne: wanda ya karya da gangan zai iya fuskantar tarar dala miliyan 1 da ɗaurin da ya kai shekara 20.

Sai batun lidar, na'urar nan da ke harba hasken lesa tana zana taswirar duk abin da ke gabanta, wadda ake ɗaurawa a mota da mahaɗar tituna da tashoshin jiragen ruwa. Wannan doka ba ta haramta na'urar kanta ba. Haramcinta yana cikin dokar kasafin tsaro ta 2025, kuma Ma'aikatar Tsaron Amurka haramcin ya shafa, ba kowace ƙaramar hukuma mai gyaran titi ba. Kamfanin Hesai na Shanghai mai ƙera lidar, da aka saka cikin jerin masu alaƙa da sojan China a 2024, ya musanta zargin har ya kai ƙara kotu.

Fargabar gwamnati tana da tushe. Motar da ke wuce sansanin soja kullum tana naɗar hoto, in aka iya kashe ta daga nesa, abin tsoro ce. Amma ba a rasa ƙanshin kare kasuwa a ciki, tunda a 2024 an riga an ɗora harajin kashi 100 kan motocin lantarki na China. Kuma bayanan da ake gudun kada Beijin ta kwasa, kamfanonin cikin gida na tattara irinsu daga direbobi, dokar ba ta ce musu komai ba.