Masu ɗaukar hoton jarida a Nijar

Mai ɗaukar hoton jarida shi ne wanda ke ba da labari da kyamara: ya je inda abu ya faru, ya ɗauka, ya rubuta wuri da rana a ƙarƙashin hoton, ya miƙa wa edita kafin a rufe shafi. Yana da ɗan'uwa a sana'a wanda ba ya tsere da lokaci, sai ya kama batu guda, kamar rayuwar almajirai ko ta 'yan ga-ruwa, ya yi watanni yana bibiya. A Nijar da wuya a raba su, domin galibi mutum ɗaya ke yin duka biyun, kuma shi ɗin ne za a gani ranar Asabar a gidan biki yana ɗaukar amarya da ƙawayenta.

Asalin sana'ar

Daga situdiyo aka faro. Wanda ya fi suna cikin na farko shi ne Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, wanda ya zauna Yamai ya buɗe shagonsa mai suna Photo Souvenir. Da dare yakan rataya kyamara ya bi mashaya da gidajen rawa, yana ɗaukar samari da 'yan mata da sojoji, ya wanke ya sayar musu. Neman abinci yake yi, amma yau hotunansa na cikin manyan shaidun yadda Yamai take a shekarun 1960 da 1970. Zuwan injinan wanke hoto mai kala ya karya kasuwar irinsu, ya kuwa rasu a Yamai a 2014 cikin ƙunci.

A ɓangaren jarida, gwamnati ce ta daɗe tana riƙe da kyamara. Jaridar gwamnati Le Sahel ta gaji Le Temps du Niger a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki. An kafa kamfanin dillancin labarai na ANP a 1987, sai ONEP mai buga Le Sahel da Sahel Dimanche a 1989. Mai hoto a nan ma'aikaci ne mai albashi, aikinsa rakiyar manya: saukar baƙi, yanke ƙyalle, rabon hatsi. Talaka yakan fito a hoton, amma a layi, yana karɓa. Jaridu masu zaman kansu sun ɓullo da Haské a 1990 da Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa, sai dai kaɗan ne cikin irinsu suka iya ɗaukar mai hoto na dindindin.

Yunwa da kyamarar baƙi

Hotunan Nijar da suka fi zagaya duniya na yunwa ne, kuma baƙi suka ɗauke su. A 1973, lokacin babban fari, Sebastião Salgado ɗan Birazil, wanda bai daɗe da ajiye aikinsa na masanin tattalin arziki ba, ya zo Nijar, ya yi ɗaya daga cikin ayyukansa na farko.

A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin dango na daminar 2004, hatsi ya yi tsada, cibiyoyin kula da tamowa suka cika a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ranar 1 ga Agusta, Finbarr O'Reilly na kamfanin Reuters ya ɗauki wani hoto a wata cibiyar ciyar da yara a Tawa. Fuskar uwa ce ta cika hoton. Na ɗanta, mai shekara ɗaya, hannu kawai ya samu shiga, siraran yatsunsa dafe da leɓɓanta. Babu kumburarren ciki, babu haƙarƙari a waje, kuma wataƙila wannan kawaici ne ya ba hoton ƙarfi. Shi ya lashe kyautar World Press Photo ta hoton shekarar 2005. A cikin watan da aka ɗauke shi ne shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa ana yunwa a ƙasar, ke nan hoto da fadar shugaban ƙasa kowa da nasa labarin.

Ba basira ce 'yan ƙasa suka rasa ba. Daga Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500. Baƙo yana zuwa da motar haya da kuɗin masauki da hanyar aika hoto nan take, ɗan gida kuwa sau da yawa tafinta yake zama ko ɗan jagora. Daga baya sunayen 'yan Nijar irin su Boureima Hama na kamfanin dillancin labarai na AFP da Tagaza Djibo, wanda Reuters ta sha buga hotunansa, sun riƙa bayyana a ƙasan hotunan da ke fita waje.

Abinci da tarbiyyar aiki

Makarantar ESSCOM da ke Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, tana horar da 'yan jarida, amma da yawan masu hoto a hannun maigida suka koya, daga riƙe fitila har a ba su kyamara. Kuɗin kirki yau yana wajen ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da ake kira aikin furoje. Yana biya fiye da jarida, amma mai biya ke zaɓar labari: rijiyar da ya gina, ajin da ya rufa wa kwano. Rijiyar da ta ƙafe bayan an tafi ba ta da mai ɗaukar nauyin hotonta.

A ƙauye ba a fiddo kyamara sai an gaida maigari. Shiga cikin gida sai da izinin maigida, kuma inda ake kulle mace mai hoto ta fi namiji samun hanya, ga shi matan sana'ar ba su da yawa. Tambayar da aka fi yi ita ce, "Ina za ka kai hoton?" Ƙungiyoyi sukan ba da takardar amincewa a dangwala yatsa, sai dai uwar da ke jiran maganin ɗanta ba ta cika jin tana da ikon cewa a'a ba.

Doka da tsaro

Dokar 2010 ta soke ɗauri kan laifukan aikin jarida. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofar, kuma a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri da aka taɓa cirewa daga cikinta kan ɓata suna da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da RFI da France 24. An kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a 2015, a wasu sassan Tillaberi da Tawa a 2017, don haka zuwa wajen waɗanda rikici ya raba da gidajensu yakan buƙaci izini ko rakiyar sojoji.

Wayar hannu ma ta shigo gonar. A Satumbar 2020, da kogin Kwara ya karya shingen unguwar Lamorde a Haro Banda, tsallaken kogi a Yamai, mazauna wurin da kansu suka riƙa ɗaukar gidajen laka suna zubewa da mutane ɗauke da katifu a ka, hotunan suka bazu a WhatsApp da Facebook tun jaridu ba su kai maɗaba'a ba.