Zakintos

Zakintos tsibiri ne na ƙasar Girka da ke cikin Tekun Ioniya, yamma da yankin Peloponis. Shi ne na uku a girma cikin tsibiran Ioniya, bayan Kefaloniya da Korfu. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 406, mazaunansa kuwa wajen mutum 40,000. Italiyawa suna kiransa Zante. Ana zuwa ta jirgin sama, ko ta jirgin fito daga tashar Kilini, tafiyar kimanin awa ɗaya. Yammacin tsibirin duwatsu ne masu gangara tsaye cikin teku, mafi tsayinsu Vrachionas mai mita 758. Gabas da kudu fili ne na zaitun da inabi, kuma nan yawancin otal-otal suke.

Tarihi

Mutanen Venis, birnin da ke Italiya a yau, sun mulki tsibirin daga 1484 zuwa 1797, su ne suka yi masa kirari da "Furen Gabas". Bayansu ya ratsa hannun Faransa da Ingila kafin a haɗe shi da Girka a 1864. Sai dai baƙon da ya zo neman tsofaffin gine-ginen Venis a babban garin ba zai samu da yawa ba, domin girgizar ƙasa ta 12 ga Agustan 1953, da gobarar da ta biyo bayanta, sun kusa shafe garin baki ɗaya. Cikin 'yan gine-ginen da suka tsira akwai cocin Dionisiyos, waliyyin tsibirin a wurin mabiya ɗarikar Otodoks, wanda ake bikinsa ranar 24 ga Agusta da 17 ga Disamba.

A nan aka haifi mawaƙi Dionisiyos Solomos a 1798. Waƙarsa ta 'yanci mai baiti 158, wadda ya rubuta a 1823, ita ce aka ɗauki baitocinta biyu na farko suka zama taken Girka. Akwai kuma labarin da mutanen Zakintos suke alfahari da shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun nemi a ba su sunayen Yahudawan tsibirin. Magajin gari Lukas Karer da bishop Krisostomos suka miƙa takarda mai sunaye biyu kacal, nasu. Yahudawan su 275 aka ɓoye su a ƙauyuka, duka suka tsira.

Gaɓar teku

Wurin da hotonsa ya fi yawo shi ne Navagio, wani lungun farin rairayi da dogayen duwatsu suka kewaye a arewa maso yamma. A tsakiyarsa gawar jirgin ruwan Panagiotis ce kwance, tsatsa tana cin ta tun da ya kafe a 1980. Ana cewa taba sigari ta fasa-ƙwauri ya ɗauko. Babu hanyar ƙasa da ke sauka can. Bayan zabtarewar dutse da ta raunata mutane a 2018, hukumomi sun sha hana sauka, don haka akasari daga cikin kwale-kwale ko daga kan dutse ake kallonsa. A ƙarshen arewa, kusa da Skinari, akwai koguna da hasken safiya yake mai da ruwansu shuɗi shar.

Kunkurun teku

Mashigin Laganas a kudu yana cikin manyan wuraren da kunkurun teku nau'in Caretta caretta yake nasa ƙwai a Bahar Rum. Daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta macen takan fito da dare, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kimanin ɗari, ta binne, ta koma ruwa. Bayan wata biyu 'ya'yan sukan ƙyanƙyashe, su nufi inda suka ga haske, wato fuskar teku. Zafin rairayi ne yake yanke ko maza za su zama ko mata.

Matsalar ita ce lokacin ƙwai shi ne lokacin baƙi, rairayin kuma ɗaya ne. Sandar lema da aka kafa tana iya fasa sheƙa, fitilun mashaya suna ɓatar da 'ya'yan su nufi tudu, farfelar kwale-kwale tana sarar manya. Garin Laganas kansa ya yi suna da holewar matasa 'yan Turai har asuba, abin da bai dace ko kaɗan da dabbar da ke buƙatar duhu da shiru ba.

Saboda haka aka kafa gandun kare halittun teku na Zakintos a 1999, wanda ya ƙunshi gaɓa shida: Gerakas, Dafni, Sekaniya, Kalamaki, gabashin Laganas da ƙaramin tsibirin Maratonisi. Ba a shiga su daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, ana taƙaita gudun kwale-kwale, sheƙun kuma akan kafa musu keji don kada a taka. Sekaniya, wadda ta fi yawan sheƙa, an hana baƙi shigarta sam. 'Yan sa-kai na ƙungiyar Archelon suna zagayawa da sassafe suna ƙirga sawun da kunkuru suka bari. A kogunan yamma kuma akwai Monachus monachus, dabbar teku mai shayarwa wadda ta ɗan yi kama da ayu, da wuya a gan ta domin kaɗan suka rage a duniya.