Rina man ƙyalli don sauya launin sandar fatsa

Rina man ƙyalli dabara ce ta zuba ɗan launi a cikin man shafe mai garai-garai, sannan a shafa shi a jikin sandar fatsa tun tana tsirara, wato kafin a ɗaura mata zobba da mariƙi. Man yakan kasance irin na kafintoci, ko kuma ifoksi, wanda ke zuwa kwalba biyu: ƙaro da abin daskarar da shi. Amfaninsa biyu ne, ado da kare sanda daga ruwa da ƙarzuwa.

A da gora ce sandar. Ta zaren gilashi ta bazu tun ƙarshen shekarun 1940, ta zaren kabon kuma a shekarun 1970. Sanin wacce ke hannu shi ne farkon aiki, domin rini mai barin haske ya ratsa yana fitowa rangaɗau a kan zaren gilashi fari, har a hango saƙar da ke ƙasa kamar ana leƙa ruwan shayi. A kan baƙin kabon kuwa ɓata yake yi. Sai an fara shimfiɗa farin fenti siriri, ko a koma ga garin launi mai rufewa.

Ana goge sanda da samfefa mai laushi har ƙyallinta ya dushe, ba tare da an ci zaren ba, a share ƙura da maiƙo. Ifoksin sanduna galibi daidai wa daida ake auna shi da sirinji, a gauraya a hankali don kada ya yi kumfa. Launin kuwa ɗan abin da tsinken sakace ya ɗauko ya isa. Nan ne akasari ake kuskure: in launi ya yi yawa, ko aka sa launin da ke da ruwa a ciki, man ba ya bushewa, kwana da kwanaki yana danƙo. Gara shafi siriri sau biyu ko uku da mai kauri sau ɗaya, don kauri nauyi ne, kuma sanda mai nauyi ba ta isar da motsin kifi zuwa hannu yadda ya kamata. Dole ne kuma man ya zama mai lanƙwasuwa, in ba haka ba ya tsattsage ranar da tarwaɗa ta ja. Bayan shafi a yi ta juya sandar a kwance har man ya kama, kada ya taru a gefe ɗaya.

A Maraɗi yanayi ne ke tsara aikin. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ifoksi yana kamawa a cikin kofi tun ba a kai rabin sanda ba, shi ya sa sanyin safiya ya fi, kuma a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba; ƙwaya ɗaya ta sauka a ɗanyen shafi ta zauna ke nan, sai ɗaki rufaffe da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa. Rana ma tana mayar da ifoksi rawaya a hankali, abin da ke saurin bayyana a kan fari da shuɗi, amma ja da ruwan ƙasa suna ɓoye shi.

Masuntan Tafkin Madarunfa, kudu da birnin, sun fi dogaro da raga wajen kamun karfasa da tarwaɗa. Don haka dabarar ba tasu ba ce sosai; ta fi amfanar mai fatsa da ke da tsohuwar sanda wadda fentinta ya ɓare amma jikinta bai karye ba.